Yadda Ɗalibi Zai Zama Ɗan Gida A Kwalejinsa

Gundumar Muchalla tana cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa, a gindin duwatsun Mandara, ba nisa da iyakar Nijeriya da Kamaru. Yawancin mutanenta Fali ne, dangin na Vimtim da Bahuli da Bagira, kuma noma shi ne babbar sana'arsu, watau dawa da masara da gyaɗa da wake. Kowace shekara akan sami samari da 'yan mata daga wannan gunduma da maƙwabtanta waɗanda suka gama sakandare, suka ci jarrabawar Hukumar JAMB, suka sami gurbin karatu a cikin garin Mubi. Iyaye sukan sayar da amfanin gona, wani lokaci har da akuya ko maraƙi, domin a biya kuɗin rajista.

A ganin iyaye, ranar da yaro ya karɓi takardar shiga kwaleji an gama da babbar wahala. Amma malaman da suka daɗe cikin wannan aiki sun san cewa da sauran rina a kaba. Ɗalibi yakan shiga da murna, ya yi wata biyu ko uku, sa'an nan a fara ganinsa jefi-jefi, daga baya a daina ganinsa ɗungum. Ba korarsa aka yi ba, sau da yawa kuma ba jarrabawa ya faɗi ba. Ya dai zauna ne a wurin da ba wanda ya san sunansa, ranar da ya tafi kuwa ba wanda ya lura. Wannan hasara ce ga iyayen da suka biya, da Gwamnatin da ta gina azuzuwa ta ɗauki malamai, da kuma ƙasar da ke bukatar ma'aikata masu ƙwarewa. Manufar wannan bayani ita ce a nuna wa jama'a dalilin da ke sa haka, da abin da malamai da ɗalibai da iyaye za su iya yi a kai.

Wace Ce Kwalejin Jama'a?

Sunan nan ya samo asali ne daga Amurka. A shekarar 1901 aka buɗe wata ƙaramar kwaleji a garin Joliyet cikin Jihar Ilinoyi, inda ake karatun shekara biyu bayan sakandare. Irinta suka yi ta yaɗuwa, har a 1947 wani kwamiti da Shugaba Turuman ya naɗa ya ba da shawarar a yawaita su, ya kuma yayata sunan da aka san su da shi yanzu, watau kwalejojin jama'a. Siffofinsu su ne: suna kusa da gida, kuɗinsu da sauƙi, suna koyar da sana'a tare da ilmin littafi, kuma yawancin ɗalibansu ba a cikin makaranta suke kwana ba.

A Nijeriya ba a amfani da wannan suna, amma akwai makarantun da ke ɗauke da wannan nauyi. Su ne kwalejojin kimiyya da fasaha, da kwalejojin horar da malamai, da na aikin gona, da na koyon aikin lafiya. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, mai hedkwata a Kaduna, domin ta tsara manhaja ta kuma duba ingancin kwalejojin fasaha. Tsarin karatun shi ne shekara biyu a sami ƙaramar difloma, a fita a yi aikin koyo na shekara guda, sa'an nan mai bukata ya komo ya yi wasu shekaru biyu ya sami babbar difloma.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi tana cikin waɗanda doka mai lamba 33 ta shekarar 1979 ta kafa. A Yola ta fara aiki, aka mai da ita Mubi a 1982. A 2002 kuma Gwamnatin Jihar Adamawa ta kafa jami'arta a wannan gari. Ga yaron Muchalla, waɗannan su ne ƙofofin ilmi mai zurfi mafi kusa da gida. Kusancin nan alheri ne babba, sai dai yana tafe da wata matsala wadda ba a cika lura da ita ba.

Halin Da Sabon Ɗalibi Yakan Shiga

A ɗauki misalin yaro wanda shi ne na farko a gidansu da ya wuce sakandare. A gida harshen Fali yake yi, a kasuwa Hausa, wataƙila da ɗan Fulatanci. A aji kuwa Turanci ne zalla, kuma da sauri. Yana fahimtar abin da ke cikin littafi idan ya zauna ya karanta a tsanake, amma ya ɗaga hannu ya yi tambaya a gaban mutum ɗari, wannan ya fi ƙarfinsa, don yana tsoron a yi wa lafazinsa dariya. A gefensa ga 'ya'yan ma'aikata daga Yola ko Maiduguri waɗanda suka saba da irin wannan wuri, sun san ofishin da ake zuwa da takardar da ake cikawa. Shi kuwa idan ya rasa gane jadawalin darussa, ko sunansa bai fito cikin jerin masu jarrabawa ba, ba shi da wa ko ya da zai tambaya.

Daɗin daɗawa, a yawancin kwalejojin ƙasar nan ɗakunan kwana ba su isar ɗalibai. Saboda haka wannan yaro ko dai ya kama haya da wasu a cikin unguwa, ko ya raɓa a gidan wani dangi inda zai riƙa ɗebo ruwa da zuwa aike a madadin kuɗin ɗaki. Da an tashi daga darasi sai ya nufi gida. Wasanni da tarurrukan da ake yi da yamma duk a bayan idonsa ake yin su. Idan damina ta faɗi ko lokacin girbi ya zo, gida na kiransa, tun da ba nisa. Mako guda da ya ce zai yi yakan zama uku. Wanda ya zo daga Sakkwato ba ya iya wannan zirga-zirga, dole ya zauna ya nemi abokai. Na kusa kuwa kullum ƙafarsa ɗaya tana waje.

Lamarin 'ya mace ya fi haka tsanani. Ban da abin da aka ambata, ga maganar inda za ta kwana cikin mutunci, ga aikin gidan da ta sauka, ga kuma masu neman aure a gida suna jira. Idan ba ta da wata malama ko babbar ɗaliba da za ta kai wa kuka, abu kaɗan ya isa ya sa ta tattara kayanta.

Abin Da Bincike Ya Nuna

Wani masanin ilmi a Amurka mai suna Vincent Tinto ya daɗe yana nazarin dalilin da ke sa ɗalibai barin karatu. A rubutunsa na 1975, da littafin da ya fitar a 1987, ya nuna cewa ɗalibi yakan ɗore ne gwargwadon yadda ya shiga jikin makaranta ta fuska biyu: fuskar karatu, watau hulɗarsa da malamai da darussa, da fuskar zumunci, watau hulɗarsa da 'yan'uwansa ɗalibai. A 1997 ya ba da rahoton wani nazari da ya yi a wata kwalejin jama'a a birnin Siyatil. Abin da ya jawo hankali a kai shi ne, ga ɗalibin da ke zuwa daga gida, aji ne kusan wuri ɗaya tak da yake haɗuwa da malamai da sauran ɗalibai. Idan bai zama ɗan gida a cikin aji ba, da wuya ya zama a wani wuri.

Wannan magana ta dace da halin ƙasar nan ƙwarai. Hukumomin makarantu sukan kashe kuɗi a kan bikin rantsar da sababbin ɗalibai, a yi jawabai, a sa riguna, a ɗauki hotuna. Ba laifi ba ne, amma yini guda ne. Abin da ke riƙe ɗalibi shi ne abin da ke faruwa ran Talata da safe a mako na biyar, sa'ad da ba biki ba baƙi.

Wasu masana biyu, Gregory Walton da Geoffrey Cohen, sun ba da rahoton wani gwaji a 2011. Sun sa sababbin ɗalibai sun karanta bayanan waɗanda suka gabace su, inda manyan suke cewa su ma da farko sun ji kamar ba wurinsu ba ne, amma da tafiya ta yi nisa abin ya wuce. Sa'an nan aka ce wa sababbin su rubuta irin wannan bayani domin na baya. Aikin bai wuce na kimanin sa'a guda ba, amma cikin shekara uku tazarar maki tsakanin ɗalibai baƙar fata da aka yi wa gwajin da takwarorinsu farar fata ta ragu da rabi. Dalili shi ne, yaron da ya faɗi gwajin farko ya daina cewa "irina ba su dace da nan ba", ya koma cewa "haka kowa ya fara". Sai dai a 2023, da aka maimaita gwajin a makarantu 22 da ɗalibai fiye da 26,000, an ga yana amfani ne kawai inda makarantar ta buɗe wa ɗalibin hanyar shiga jama'a da gaske. Daɗin baki kaɗai ba ya yi.

Aikin Malami A Cikin Aji

Abu na farko, kuma mafi arha, shi ne suna. Malamin da ke da ɗalibai 150 ba zai haddace su duka cikin mako guda ba, amma yana iya kiran goma da sunansu a kowane darasi, yana kuma iya tambayar yadda ake faɗin sunan da ya ba shi wuya maimakon ya murɗe shi a yi dariya. Yaron da malami ya kira da sunansa daidai a gaban jama'a ya san an san da zamansa.

Na biyu, a raba aji ƙungiya-ƙungiya, mutum biyar ko shida, su ɗore tare har ƙarshen zangon karatu. Malami ne ya kamata ya yi rabon da kansa, domin idan aka bar wa ɗalibai, kowa zai nemi ɗan garinsu ko mai addininsa. A gauraya Fali da Gude da Margi da Kamwe da Fulani da Hausawa da waɗanda suka zo daga kudu, maza da mata. A ba su aiki na gaske wanda mutum ɗaya ba zai iya gamawa ba, kamar awon fili, ko haɗa wayar lantarki, ko tattara farashin hatsi a kasuwar Mubi na tsawon wata guda, kowa da rabonsa, kowa kuma ya tashi ya yi bayanin nasa da bakinsa. A nan ɗan ƙauye yakan nuna abin da ya iya. Wanda ya tashi cikin aikin gayya ba sai an koya masa aiki tare ba, kuma a fagen gona ko ɗakin koyon sana'a sau da yawa shi ke gaba. Ranar da ɗan birni ya tambaye shi yadda ake yin wani abu, daga ranar ya daina zama baƙo.

Akwai kuma batun harshe. Turanci shi ne harshen koyarwa da jarrabawa, ba mai neman a sauya wannan. Amma idan ɗalibai suna bayyana wa juna darasi da Hausa a cikin ƙungiyarsu kafin su rubuta da Turanci, bai kamata a hana su ba, muddin ba a bar wanda ba ya jin Hausa a gefe ba.

Na uku shi ne rajistar halarta. An saba ɗaukarta a matsayin bulala, watau wanda bai cika adadi ba a hana shi jarrabawa. Amfaninta ya fi haka. Idan ɗalibi ya ɓace mako biyu a jere, wakilin aji ya sanar, a buga masa waya a ji lafiya. Sau da yawa abin da za a tarar ƙarami ne: zazzaɓi, ko rashin kuɗin mota, ko rasuwa a gida. A mako na biyu ana iya gyara shi. A mako na goma kuwa aikin gama ya gama.

Mai Ba Da Shawara Da Batun Kuɗi

A 2007 Jami'ar Birnin New York ta fara wani shiri a kwalejojinta na jama'a. An ba kowane ɗalibi mai ba da shawara wanda zai riƙa gani sau biyu a wata, aka ba shi tikitin mota da jirgin ƙasa da littattafai kyauta, aka cike masa giɓin kuɗin makaranta, bisa sharaɗin ya yi karatu cikakken lokaci. Binciken da aka fitar a 2015 ya nuna cewa cikin shekara uku kashi 40 cikin 100 na waɗanda ke cikin shirin sun kammala, alhali kashi 22 ne kawai suka kammala cikin waɗanda ba su ciki. Shirin yana da tsada, ba kuma kowace kwaleji ce za ta iya kwaikwayonsa duka ba. Amma ginshiƙinsa, watau a ce kowane ɗalibi yana da mutum guda wanda aikinsa ne ya san halin da yake ciki, wannan bai fi ƙarfin kowane sashe ba. Sai dai a tabbata sunan malamin bai tsaya a allon sanarwa ba. A sa rana da sa'a, a kuma tarar da shi a ofis.

Yunwa ma tana raba ɗalibi da jama'a, don wanda ba shi da abin da zai saka cikin tukunyar ɗaki yakan janye jikinsa saboda kunya. A watan Afrilu na 2024 aka sa hannu a kan sabuwar dokar ba ɗalibai rance, wadda ta shafi jami'o'i da kwalejojin fasaha da na horar da malamai na gwamnati. Rancen ba shi da ruwa, kuma da aka fara shi an haɗa da Naira 20,000 a wata domin ɗawainiyar yau da kullum. Ta intanet ake nema. Wannan ke nan aiki ne ga ofishin harkokin ɗalibai da manyan ɗalibai, su zauna da sababbi su nuna musu yadda ake cikawa, domin wanda ya fi bukatar rancen shi ne galibi wanda bai san hanyarsa ba.

Ƙungiyoyin Ɗalibai

Ƙungiyar 'yan gari ɗaya ita ce masaukin farko na sabon ɗalibi, kuma da ɗan gari akan ci gari. Haka nan ƙungiyoyin addini, irin su Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya da aka kafa a 1954, da Zumuntar Ɗalibai Kirista da ta fara a arewa a 1957, sun daɗe suna tarbar baƙi da duba marasa lafiya da shirya darussan bita. Aikinsu abin yabo ne. Haɗarin kawai shi ne ɗalibi ya shiga ɗaya daga cikinsu ya rufe ƙofa, ya gama shekara biyu bai taɓa cin abinci da wanda ba nasa ba. Shi ya sa ake bukatar ƙungiyar sashe, da ƙwallon ƙafa, da muhawara, da wasan kwaikwayo, inda ba a tambayar gari ko addini. A kuma sa wasu daga cikinsu da rana, tsakanin darussa, domin na cikin gari su samu.

Game da babbar ƙungiyar ɗalibai kuwa, tarihi ya bar darasi. A watan Afrilu na 1978 ƙarin kuɗin abinci da masauki a jami'o'i ya jawo zanga-zangar da aka yi wa laƙabi da "Ali Must Go", aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta wancan lokaci. Ɗaliban da ba a saurare su a teburin shawara ba sukan nemi a saurare su a kan titi. Ya kamata wakilansu su zauna cikin kwamitocin da ke duba masauki da ruwa da tsaro da jadawalin jarrabawa, a kuma ga cewa shawararsu takan sauya wani abu. Su ma ɗalibai wajibi ne su tsare zaɓensu daga rabuwar ƙabila da addini da shisshigin 'yan siyasar waje.

Kwaleji Da Garin Da Take Ciki

Mubi ta ga abin da ba a fatan wani gari ya gani. A daren 1 ga Oktoba 2012, 'yan bindiga suka shiga unguwar Wuro Patuji inda ɗalibai da yawa ke haya, suka kashe aƙalla mutum 25, yawancinsu ɗalibai. A ƙarshen Oktoba 2014 kuma mayaƙan Boko Haram suka kama garin. Jama'a da yawa, har da ɗalibai, suka bi duwatsu da ƙafa, wasu suka tsallaka Kamaru, wasu suka nufi Yola. An ƙwato garin a tsakiyar Nuwamba na wannan shekara, daga baya makarantun suka koma aiki.

Waɗannan al'amura sun nuna cewa nauyin kwaleji bai tsaya a bakin ƙofarta ba. Ɗalibin da ke haya a cikin unguwa ɗalibinta ne da dare kamar yadda yake da rana. Ya dace kowace kwaleji ta riƙe rajistar inda ɗalibanta ke zaune da lambar wayar wani nasu, ta kuma riƙa zama da masu unguwanni da masu gidajen haya da jami'an tsaro a kai a kai. Ɗalibai kuma su gabatar da kansu ga mai unguwa idan sun tare, su fito aikin gyaran magudana, su halarci jana'iza da suna. Har wa yau akwai waɗanda suka ga tashin hankali suna ƙanana, yanzu su ne ke zaune a azuzuwa. Shirun wani ɗalibi ba na rashin ƙoƙari ba ne, shi ya sa ofishin ba da shawara yake bukatar ƙwararren ma'aikaci da ɗaki mai sirri.

Rabon Iyaye Da Shugabannin Gunduma

Uban da bai yi boko ba yakan ɗauka ba shi da ta cewa a kan karatun ɗansa. Yana da ita. Yana iya tambayarsa sunan malamin da ke ba shi shawara, da sunayen waɗanda suke karatu tare, da ƙungiyar da ya shiga. Idan yaro ya kasa ambata ko mutum ɗaya bayan wata biyu, to, akwai abin dubawa. Yana kuma iya daurewa ya bar shi a makaranta lokacin shuka da girbi, sai fa ranakun hutu, ko da hakan zai sa a ɗauki ɗan ƙodago.

Hakimi da dagatai da limamai da fastoci da ƙungiyoyin ci gaban gunduma su ma suna da abin yi wanda ba ya cin kuɗi. A lokacin dogon hutu a tara waɗanda suka sami gurbin karatu da waɗanda suka riga su shiga, a makarantar firamare ko ƙofar gidan hakimi. Manya su faɗi gaskiyar yadda makonninsu na farko suka kasance, har da ranar da suka yi niyyar komowa gida. A haɗa kowane sabo da babba guda, su karɓi lambar wayar juna, a kuma sa ranar da babban zai tarbe shi a tashar Mubi ya raka shi ofishin rajista.